Firintar Baba Modu a Zaure

Har gobe ban manta da ranar da Oga Sani ya tura ni gidan Baba Modu ba. Ku da kuka shigo shagon nan daga baya ba ku san mutumin ba, shi ya sa nake so ku ji.

Tsakiyar damina ce, kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, fadama ta zama ruwa iyakar ganin ido. A lokacin na daɗe da gama koyon aiki, ni ke kula da haɗa kwamfutoci a gidaje da ofisoshi, musamman inda aikin zai kai mutum cikin gida wajen mata. Da hantsi wani dattijo dogo mai farin gemu ya shigo, ya zauna a bencin nan na bakin ƙofa. Shi ne Baba Modu, tsohon ma'aikacin kula da ruwa da kamun kifi ne, ya yi ritaya. Rabin rayuwarsa a cikin kwalekwale ya yi ta, tsakanin Haɗeja da Guri, da kyamara rataye a wuya.

Ya ce yana da babbar kwamfuta da firinta a zaurensa, inda yake zama kullum yana sikanin tsofaffin hotunansa. Matarsa, Hajiya Falmata, tana can ɗaki kwance, shanyewar ɓarin jiki ta tafi da hannunta na dama da maganarta. 'Yarsu da ke aiki a Dutse ta bar mata laftof. So yake duk hoton da ya saka a zaure ya bayyana a gabanta.

Oga ya ce, "Baba, ai da filasha ma sai a kwafa a kai mata, ba sai an ja waya ba."

Baba Modu ya girgiza kai. "Na gwada, ɗana. Ni nake zaɓa in kai mata, ita kuma sai ta juya fuska bango. Abincin ma yanzu da ƙyar. Wataƙila in ta ga duka, ta zaɓa da kanta."

Oga ya dube ni. "Hadiza, ɗauki kaya ki bi shi."

Ga waɗanda ba su fara fita irin wannan aiki ba, ga yadda yake. Akwai ɗan akwatin da muke kira rauta, shi ne mahaɗar da kwamfutocin gida ke haɗuwa. Kowace kwamfuta za ka ba ta suna, ka sa su a rukuni guda, sannan ka buɗe folda ɗaya ka ba ɗayar izinin shiga. Firinta ma haka, ka buɗe ta ga kowa, ka saka wa ɗayar kwamfutar manhajar da za ta gane ta. Aiki ne da ba ya cin lokaci idan gini bai yi gardama ba.

Wannan ginin ya yi gardama. Tsohon gidan ƙasa ne mai kaurin katanga, siginar rauta ba ta ko ƙetare zaure. Dole na koma ga kebul. Na huda wata 'yar kafa a saman ƙofa, na bi da shi ta ƙarƙashin indararo don kada ruwa ya taɓa shi, na zagaya bayan bishiyar lemon da ke tsakar gida, na shigar da shi ta tagar Hajiya. Ana yayyafi a hankali, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gidan.

Ɗakin ba haske sosai, sai ƙamshin turaren wuta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da ido. Na jingina ta da filo, na ɗora laftof a kan ɗan tebur, na sa mata linzamin kwamfutar a ƙarƙashin hannun hagu. Da foldar ta buɗe, ni kaina sai da na manta aiki nake yi. Ga furen bado fari fat ya rufe ruwa. Ga masunci kwance a kan gora yana shawagi kamar mai barci. Ga garken shanu suna iyo, ƙahoni kawai ake gani. Ga tsuntsayen da ke zuwa daga nesa sun tashi gaba ɗaya, har sun dusashe rana. Hasken allon yana wasa a fuskarta kamar yadda hasken ruwa ke wasa a fuskar wanda ke zaune cikin jirgi. Ji na yi kamar ɗakin ya saki ƙasa yana tafiya da mu.

Na ce, "Hajiya, nan za ki danna ki wuce gaba. Wannan kuma, in kin danna, hoton zai fita a takarda can wajen Baba."

Ban faɗi na biyun don wani dalili ba. Na saba ne in nuna wa mai kaya duk abin da na haɗa. Baba ma bai nemi a haɗa firintar ba, ni na ƙara don aikin ya cika.

Na koma zaure ina naɗe ragowar kebul, Baba yana zuba mini shayi yana ba ni labarin shekarar da ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Kawai sai firinta ta farka, ta ja takarda. Muka dubi juna. Ba wanda ya taɓa komai.

Hoton da ya fito ba ya cikin masu kyau. Ya ɗan yi hazo, kuma a karkace aka ɗauke shi. Gaɓar ruwa ce da wata tsamiya, wata mata ta juya baya tana suyar kifi, hayaƙi ya rufe rabin jikinta.

Baba ya ce, "Kuskure Falmata ta yi. Wannan har na so in goge shi."

Bai rufe baki ba firintar ta sake jan takarda. Hoton nan ne dai. Ta kuma sakewa. Baba ya ajiye kofin, ya ɗauko tabarau, ya kai takardar bakin ƙofa wajen haske. Ya ƙura wa hoton ido.

"Ya Kaka ce," in ji shi a hankali. "Yayarta. Ita ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana wani ƙauye bayan Guri, ruwa ya yanke hanyarsu. Ni na hana a gaya mata ciwon ya yi tsanani, don kada hankalinta ya tashi."

Ya shiga ciki da takardar a hannu, na bi shi na tsaya a bakin labule. Ya zauna a gefen gado ya ce, "Falmata, ita kike so?" Hajiya ba ta juya bango ba. Ta saki linzamin, ta kama bakin rigarsa da hannun hagu, ta riƙe gam.

"To, in Allah ya kai mu gobe," in ji shi. "Mota ta kai ni inda za ta iya, sauran hanyar jirgin ruwa ya ƙarasa."

Ƙa'idarmu ce a koma a duba aiki bayan an miƙa shi. Da na koma a makon da ya biyo baya, tun daga tsakar gida na ji ƙamshin miyar kifi da wata murya tana faɗa da Barbarci. Wata tsohuwa ce 'yar firit zaune a kan gado, tana ba Hajiya a baki, tana yi mata faɗan ta rame. Hajiya kuwa tana ci. Da ta gan ni sai ta motsa leɓe da ƙyar, ta nuna tsohuwar da haɓa. "Ya... Ya," ta ce. Baba da ke bayana ya juya ya fita da sauri, ya ce wai zai duba awaki.

Na gwada haɗin, komai na aiki. Na tattara kayana na dawo shago.

Abin da na ɗauka daga gidan nan shi ne, mai kaya yakan faɗi abin da yake so a haɗa masa, amma sau da yawa shi kansa bai san abin da za a yi da shi ba. Don haka in an tura ku gida, kada ku tsaya a kan wanda ya kira ku kaɗai. Ku tambayi wa ke ɗaya ƙarshen wayar, ku je inda yake, ku zauna ku nuna masa kowane maɓalli, ko da kuna ganin ba zai taɓa danna shi ba.