Kofi a Goshin Ɗana

Akwai wata safiyar Asabar da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ranar na bar gidanmu a Damba da niyyar raba ɗana da ruwa har abada, kuma na yi rantsuwa a zuciyata ba wanda zai tausa ni.

Ni 'yar Tsafe ce, karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba. Tun ina yarinya nake tsoron ruwa, don ƙanena a rafi ya rasu wata damina, ina tsaye a bakin gaɓa. Sai ga ɗana na fari, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ya koyi iyo a ɓoye a gulbin Bunguɗu idan ya je hutu wurin kakanninsa. Wani koci ya gan shi, ya roƙi babansa ya bar shi ya shiga horo a wurin ninkaya na wani otal a Gusau. Wai iyon rigingine zai riƙa yi, na mita ɗari biyu. Wata biyu ina haɗiye maganar, sai ranar da ya dawo da ƙulu a tsakiyar kai.

"Bango na buga, Inna," ya ce. "Ƙirgena ne ya ɓace."

Na ce wa babansa an gama. Shi kuwa ya ce, "Tafi ki gani da idonki. In kin dawo kin ce a bari, an bari."

Da na isa, na tarar da shi kwance a kan ruwa, fuska sama, kamar wanda ya shimfiɗa tabarma. Kwanciyar ta tuna min da abin da ba na son tunawa. Can sai hannu ya tashi, ya faɗa baya, ɗayan ya biyo, ya tafi yana yanka ruwa da ka. Ya nufi bangon siminti gadan-gadan, ba ya ko waige. Ban san sanda na kira sunansa da ƙarfi ba, ni da ban taɓa ambaton sunan ɗan fari a gaban mutane ba. Kafin in rufe baki ya juya, ya tunkuɗi bangon da ƙafa, ya kamo hanyar dawowa.

Kocin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya matso yana murmushi. "Hajiya, kwantar da hankalinki. Kin ga igiyar can mai ƙananan tutoci da ta gitta saman ruwa? In ya gan ta bisa kansa, sai ya fara ƙirga hannu. Ya san hannu nawa ya rage masa. Wanga yaro da ƙirge yake ganin bango."

Na tsaya ina kallon igiyar. Da farko na ɗauka ado ce, irin ta biki.

Daga nan kocin ya ɗauko ƙaramin kofin roba, ya zuba ruwa rabi, ya ɗora masa a goshi. Ya ce sai ya yi tsawon wurin sau takwas kofin bai faɗi ba, don mai iyon rigingine in kansa na rawa, karkacewa yake yi, ƙirgen ma ya rikice. Ya ce mako uku ke nan suna fama, kullum a zagaye na shida kofin ke kifewa. Aka fara, na kafa masa ido. A na shida kuwa ya kife. Ya huta, aka sake, ya sake kifewa a wuri guda.

Amma ni na ga abin. Da gajiya ta kama shi, sai ya ƙanƙame wuya, ya cije baki, yana son riƙe kofin da ƙarfi. Haka na riƙa yi lokacin da aka fara ɗora min tulu a ka, kuma tulu biyu na fasa kafin kakata ta gyara ni. Na yi ta juya maganar a baki, ina jin nauyin dattijon. Ƙarshe dai na durƙusa a bakin ruwan.

"Kai, saurara. Kaya ba wuya ke riƙe shi ba. Saki wuyanka, ka bar ƙugu ya yi aikin. In ka gaji, to lokacin ne za ka ƙara sakewa."

Ya share ruwa daga ido. "Inna, ke da ko kwalbati ba ki son tsallakawa?"

"Ni ban iya ruwa ba, amma na iya tulu. Kwanta."

Kocin ya yi dariya, ya ce, "Ka ji abin da Inna ta ce."

Abin da na gani bayan haka, har yau yana nan a idona. Kafaɗunsa na juyawa, ƙafafu na tafasa ruwa a baya, amma kan nan tsaye cak, kofin na tafiya kamar an ajiye shi a kan tebur. Wurin juyawa yakan dafe kofin da hannu, ya saki, ya ci gaba. Na biyar ya wuce. A na shida na ga ƙirjinsa na hawa da sauka, na ga wuyan ya so ƙanƙamewa, sai ya sake shi. Na bakwai. A na takwas ya shiga ƙarƙashin tutocin, na tsinci kaina ina ƙirgawa tare da shi: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Yatsunsa suka taɓa bango. Ya ɗauke kofin ya miƙo min, ruwan na nan a ciki. Sai na kama tasbihi.

Da na koma gida babansa ya tambaye ni, "To, a bari?" Na ce a saya masa sabon tawul, wancan ya tsufa.

Shekaru sun wuce, kuma har yanzu in yana cikin ruwa gabana na faɗuwa. Amma ranar ta koya min cewa yadda ɗana ya ƙanƙame kofin nan, haka ni ma na ƙanƙame shi, kuma da na ci gaba, da hannuna zan kifar da shi.