Farin Ƙwan da Ya Kusa Rufe Mini Rumfar Aski

Na yi shekaru ina aski a bakin kamfanonin Sharada, kawunan da suka bi ta hannuna Allah kaɗai ya san yawansu, amma akwai guda ɗaya da har na koma ga Mahaliccina ba zan manta da shi ba.

A ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin da samari ke yayin tara suma. Akwai wani saurayi ɗan ƙauyen Challawa da ke ɗaukar buhuna a kamfanin biskit. Sumarsa kamar kwando, kullum da mataji a aljihu. Duk Juma'a sai ya zo na daidaita masa gefe-gefe, yana riƙe da madubi yana ba ni umarni kamar shi ya koya mini sana'ar.

Sannu a hankali na ga gashin yana biyo mataji. Gefen hancinsa da bakinsa suka yi ja suna saɓa, girarsa ma ta fara ƙarewa. Na ce masa, "Samari, ka je a duba ka." Ya ce zafi ne kawai.

Wata rana, ana tashi daga aiki, ya zo ya tsaya a gaban rumfata ya cire hula a gaban jama'a.

"Malam, dubi abin da almakashinka ya yi mini."

Na ce, "Girar taka ma ni na aske?"

Aka yi dariya, amma maganar ta shiga kunnuwa. Kafin mako ya zagayo an ce kayan askina na ɗauke da cuta. Wasu suka ce ai gashin mutane nake tarawa ina kai wa boka. Mutanen da muke sallah sahu ɗaya suka riƙa wuce ni suna kau da kai. Na wuni ina korar ƙuda, ga iyali a gida suna jiran cefane.

Da abin ya ishe ni, na tare shi a bakin ƙofar kamfani na ce ko ya bi ni asibitin kamfaninsu ko mu tafi gaban mai unguwa. Ya bi ni yana gunaguni.

Likitan ya duba kansa da fuskarsa, ya ce wannan ba cutar aski ba ce. Ya tambaye shi abin da yake ci. Ya ce burodi da shayi, sai ƙwai. Ashe ƙwan da ya fashe a kamfani ake bar musu, wani abokinsa ya ce masa ɗanyen farin ƙwai na ƙara ƙarfi, gwaiduwa kuwa teɓa take sawa. Wata da watanni yana cika kofi yana kwankwaɗa safe da yamma, yana zubar da gwaiduwar.

Likita ya ajiye biro. Ya ce akwai wani bitamin da ake kira biyotin, wanda gashi da fata ke bukata, kuma ɗanyen farin ƙwai kama shi yake a ciki ya hana jiki amfana da shi. Ya ce ya riƙa dafa ƙwan ya ci har gwaiduwa, ya haɗa da hanta da gyaɗa da wake, sannan ya ba shi ƙwayoyi.

Na ce, "To, sai ka je ka faɗa wa mutane."

Ya sunkuyar da kai. "Malam, dariya za su yi mini."

Bai faɗa ba. Ni na riƙa bin mutane ina bayani, suna kallona kamar mai kare kansa. Da gashin ya fara tsirowa na ce yanzu kam na huta. Sai na ji ana cewa ai wanzami ne ya ji tsoron hukuma ya warware abin da ya ɗaura. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba.

Mutane sun dawo daga baya, ba don sun yarda da ni ba, sai don ba wani mai aski kusa. Shi ma ya dawo, ya zauna ya miƙa hannu a ba shi madubi, ko haƙuri bai ba ni ba.

Abin da na koya shi ne lafiyar gashi daga tukunya take farawa, kuma idan za ka wanke kanka, ka tafi da shaidu. Tun daga nan duk wanda ya ce mini gashinsa na zuba, sai na ajiye almakashi, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na tambaye shi abin da ya karya da shi.