Karsanar da Kawu Ya Bar Mini

Ban iya tatsa ba, ban iya kiwo ba, ko sanda ban iya saɓa ta yadda makiyaya ke yi ba, amma tun ina kwana bakwai a duniya nake da saniya. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya ba ni ita ranar suna. Haka suke yi a wajensu: yaro in an haife shi sai a ware masa karsana, ta zauna cikin garke, duk abin da ta haifa nasa ne. Mahaifina Bahaushe ne, manomi a Birnin Tudu. Bai ga abin da jariri zai yi da saniya ba, amma ya yi godiya. Inna kuwa Bafulatana ce daga wata ruga a ƙasar Maradun. Wajen tallan nono ya gan ta, ya yi ta zarya har aka gaji aka ba shi.

Saniyar ba ta taɓa taka gidanmu ba. Tana can garken Kawu da tsaga biyu a kunnen hagu, 'ya'yanta da jikokinta ma haka aka yi musu. Duk hutun makaranta in Inna ta kai ni, ɗan Kawu, taubashina, sai ya ja ni cikin shanu yana nunawa.

"Ga taka nan, kaɗo. Duƙa ka gaishe ta, ta hi ka asali."

Kaɗo suke ce wa duk wanda ba Bafulatani ba. In na koma Birnin Tudu kuma yara su bi ni suna "ɗan Fulani, ina nono?" A lokacin duk wasa ne. Nakan rama a can, in rama a nan, in ci tuwo gida biyu, har ina ganin na fi kowa gata.

Na girma na koyi gyaran injin ban-ruwa, na buɗe shago a Talata Mafara, inda masu noman rani na Bakolori ke kawo mini aiki. Na yi aure, na haihu. Da mahaifina ya rasu na ɗauko Inna ta dawo wurina.

Ba zan tsaya bayanin yadda zama ya lalace ba. Duk wanda ke ƙasar nan ya sani, ni kuma wallahi na gaji da maimaita shi. Abin da ya shafe ni kawai zan faɗa. An harbe ƙanen mahaifina a gonarsa yana shema, wato sharar gona. Bayan wata biyu, autan Kawu ya tafi kasuwa sayen gishiri bai dawo ba. A zaman makokin farko, in na shigo sai a rage murya. Na biyun kuwa ban ma je ba, don hanyar ba ta biyuwa, kuma in na je na dawo sai na yi bayanin abin da ya kai ni.

Fuskar Inna na ɗauko: dogon hanci, fari, ga ni siriri. In na shiga mota daga Mafara zuwa Bakura, duk shingen 'yan sintiri da muka iso ni ake nunawa, "Kai, sauko." In sauko, in jero sunan kakannina na Birnin Tudu, in buɗe tafin hannuna su ga baƙin mai. Su ce in koma mota. Wata mata ma ta taɓa gaya wa maiɗakina cewa irinmu in an rutsa mu rikiɗa muke yi, mu zama kututture ko suri. Na ce da ina da wannan asirin, ai da tuni na rikiɗa na zama mutum mai gajeren hanci na huta. Ta yi dariya, ni ma na yi, amma abin ya ci mini rai. Ba wani babban abu nake nema ba. So nake a unguwar da na gina gida, nake salla, 'ya'yana ke makaranta, in an ce "mu" in san har da ni.

Kawu ya rasu da damina. Ta waya muka ji, ta waya muka yi gaisuwa. Inna ta yi kwanaki ba ta cin abincin kirki. Bayan an yi girbi sai ga kiran taubashina.

"Kaɗo, tashi za mu yi."

"Ina za ku?"

"Inda ƙahwa tat tsaya. Nan ba ya zamnuwa. Tsoho ya bar wasiyya bisa shanunka. Ɓarayi sun kore su tare da namu, guda ɗai tar rage, karsana. Zo ka amshi abinka."

Na san abin da saniya daga daji za ta jawo mini a cikin gari. Na ce, "Ka riƙe ta, na ba ka halak malak."

"Ba a yin haka. Tsoho ya ce in sa igiyar ga hannunka. So kake in yi tahiya da nauyin mamaci bisa wuya?"

Mun haɗu da hantsi a bakin wata hanyar ruwa, bayan gonakin albasa, inda shi zai iya isowa ni ma zan iya. Shekara huɗu rabona da shi. Ya rame, gemunsa ya yi fari, sai na ga kamar Kawu ne tsaye. Muka yi doguwar gaisuwa, muka yi wa matattu addu'a, nasa da nawa. Na so in tsokane shi yadda muka saba, na ce har yanzu bai koyi sa takalmin mutane ba. Ya yi murmushi don ya fita hakkina. Sannan ya miƙo igiyar, ya ce in gaida Inna, ya juya. Bai waiwayo ba, karsanar ce ta yi ta waiwayensa.

Yadda na kawo ta gida abin kunya ne. Ta ja ni cikin kwari, ta ja ni cikin albasar mutane, na faɗi sau biyu. Sai da wani mai a-kori-kura da nake yi wa gyara ya tausaya mini muka ɗora ta. Duk wanda ke bakin titi a unguwarmu ya ga shigowarmu.

Inna idonta ya riga ya yi rauni, don haka da hannu ta gan ta. Ta shafa wuyanta, ta lalubi kunnen hagu, ta sami tsagar nan biyu, sai ta fashe da kuka. Tana kuka tana jero mata uwaye: wance ta haifi wance, wance ta haifi wance, har zuwa wata farar saniya ta kakanta da aka zo da ita daga arewa. Ni ban san shanu suna da salsala haka ba. Ranar ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Ta sa na sayo dusa da kanwa, ta ɗauko kujerarta ta dawo gindin darbejiyar da aka ɗaure karsanar, tana cire mata kaska tana yi mata magana da Fillanci. Tun rasuwar mahaifina ban ga Inna haka ba.

Kwana uku muka samu. A na huɗu mai unguwa ya aiko kirana bayan la'asar. Na iske zaurensa cike, dattawa a kan tabarma, samari a tsaye bakin ƙofa.

"Ba mu zargin ka da komi," in ji mai unguwa. "Ubanka mun san shi. Amma mutane na magana. Sanuwag ga, daga ina?"

Na faɗi gaskiya tun daga ranar suna. Ina magana ina jin yadda labarin yake a kunnensu: wani daga daji ya kira ni a waya, mun haɗu a bayan gari, ya ba ni saniya kyauta.

Wani saurayi daga bakin ƙofa ya ce, "Ai haka ɓarayin daji ka biyan masu kai musu rahoto." Na san shi. An taɓa ɗauke mahaifinsa a hanyar gona, sai da suka sayar da duk abin da suka mallaka. Na so in ji haushinsa, na kasa.

Na ce to zan sayar da ita. Aka ce wa zai sayi saniyar da ba a san asalinta ba? Saniyar da Inna ta jero wa uwaye har bakwai! Sai maƙwabcina, dattijo mai sayar da albasa, wanda katanga ɗaya ta raba mu kuma bai taɓa juya mini baya ba, ya gyara zama.

"Ni ga shawarata. Ka yanka ta, ka yi ma mahaihinka sadaka. Kowa ya ci, baki ya mutu. Wanda ka aje ma ɓarayi dukiya ba ya rabad da ita. Bayan wannan, ba taron da za a yi unguwag ga ba da kai ba."

Kowa ya ce madalla. Da zuciya ɗaya ya faɗa, na tabbata. A wurinsa saniya nama ce mai tafiya, yanka ta don sadaka kuwa alheri ne. Bai san cewa dangin Inna ba sa sa wa karsanar da ba ta haihu ba wuƙa, ko da yunwa za ta kashe su. Sa suke yankawa. Ni na sani. Amma na tuna shagona, na tuna 'ya'yana, na tuna gidajen da na ga an kwashe kayansu an bar gari saboda zargin da bai kai wannan ba. Na ce na yarda. Ko cewa ban yi ba bari in shawarci Inna.

Na same ta gindin darbejiya. Na tsuguna na ce, "Inna, jibi za a yanka ta."

Hannunta ya tsaya a bayan karsanar. "Ba ta da lahiya?"

"Lafiyarta lau."

"To mi ta yi?"

Na yi mata bayani, na tsawaita, har na ji ina maimaita maganar maƙwabcina kamar tawa. Ta bari sai da na gama.

"Taka ta," ta ce. "Kai ad da iko."

Da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Ta ci gaba da cire kaska har magariba, washegari ma haka, kamar wadda ke shirya amarya.

Ranar Juma'a da safe mahauci ya zo. Shi kansa da ya duba ta sai ya ce, "Karsana ta fa, malam." Na ce ya yi aikinsa. Inna ta shige ɗaki ta sakaya ƙofa. Aka kasa nama a kan buhuna, aka aika gida-gida, ba wanda aka tsallake, har gidan saurayin nan. Mutane suka yi ta shigowa suna yi wa mahaifina addu'a, suna riƙe hannuna da hannu biyu. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na daɗe ba a riƙe hannuna haka ba.

Da azahar sai ga matan unguwa, matar maƙwabcina a gaba da kwano a rufe. Hanta ce da tozo, ta soya da kanta. A al'adarsu babba a gida shi ake kai wa mafi daɗin nama, don girmamawa. Suka shiga ɗakin Inna suka ajiye a gabanta, suna "Inna a ci, a sa albarka." Ina tsakar gida ina jin ta. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi mazansu da yaransu, ta yi godiya, ta sa albarka, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Da suka fita ta kira maiɗakina ta ce ta ɗauke kwanon, kuma don Allah a wanke wurin da ya zauna.

Bayan kwana goma taubashina ya kira daga inda suka yada zango. Ya tambaya ko karsana ta saba da gari. Na gaya masa.

"To, malam," ya ce. "Allah shi amshi sadaka."

Tunda muke bai taɓa ce mini malam ba. Bai sake kira ba, lambar ma daga baya ta daina shiga.

A satin ne na ji a masallaci cewa za a yi taro ranar Asabar bayan la'asar a zauren mai unguwa, kan yadda za a tsara gadin unguwa. Ba a yin shela, aike ake yi gida-gida. Na dawo daga shago da wuri, na yi wanka, na sa riga da hula, na zauna a soro. Na ji ɗan aiken ya yi sallama a gidan da ke hagu da ni. Na ji ya yi a gidan maƙwabcina. Na ji takunsa ya wuce ƙofata. Can sai maƙwabcina ya fito, ya gan ni da hula, ya gaishe ni a gurguje idonsa a ƙasa, ya ƙara sauri.

Ina nan zaune Inna ta ɗaga murya daga ɗakinta. Tun ranar yanka ba ta tambaye ni komai ba sai wannan.

"Sun kira ka?"

"Sun kira ni, Inna."

"To tashi, kar ka makara."

Na tashi na fita. Na bi ta bayan layi don kada in wuce ta gaban zauren, na buɗe shagona na shiga, na jawo ƙofar. Na zauna cikin injinan mutane da rigata mai kyau, ina jiran lokacin da ya kamata a ce an tashi daga taro.