Takardar Burtalin Kahu

Shekara huɗu ke nan cif da rasuwar ƙanena Sabi'u, kuma a bana na kasa zama wuri ɗaya in yi masa addu'a cikin natsuwa.

Sabi'u ya yi karatun kwamfuta a Kano, ya dawo mana Kibiya da zancen da ba mai gane masa. Lokacin da manoman Kahu da Fulanin Ardo Buba suka daidaita a kan faɗin burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa, shi ya buga yarjejeniyar a kwamfutarsa, da sunayen duk waɗanda suka shaida. Ya ce akwai wani lissafin sirri da ke matse rubutu ya fitar da lamba guda, kamar zanen yatsa. Lambar ya saka a bulokcen, wata rijista da kwamfutoci barkatai a duniya ke riƙe da ita, ba mai iya gogewa. "Yaya, ko ɗigo aka taɓa, lambar ba za ta yarda ba." Na ce to Bature, mun ji.

Ashe ban ji ba. Bayan rasuwarsa kwamfutar ta dawo hannuna. Duk wanda ya rasu cikin shaidun sai in buɗe rubutun in sa masa "Marigayi" da 'yar addu'a. Haba, ya za a bar sunan mamaci tsirara? Da na Sabi'u na fara, don shi ma sunansa yana cikin shaidun.

Bana wani ya shuka dawa cikin burtalin, ya ce ba a taɓa yarda da wannan faɗin ba. Takardar da aka sa wa hannu kuwa gara ta cinye. Ardo ya zo ya ce, "Malam Habu, fito da abin ƙanenka." Aka gwada rubutun a gaban dagaci, lambar da ya fitar ta ƙi dacewa da ta bulokcen. Mai dawa ya ce kun gani, an taɓa rubutun. Kuma wallahi gaskiyarsa.

Me Sabi'u zai ce? Na san sai ya yi dariya tukuna. Abin da ya bari yana nan daram, ba ya yi wa kowa alfarma, har yayansa. Ina alfahari da shi, kunya kuma ta ishe ni.

Dagaci ya ba mu wa'adi zuwa Juma'a. Shanun Ardo sai sun yi dogon zagaye kafin su sha ruwa, samarin ruga sun fara maganar gora. Ni kuwa ina ta goge abin da na ƙara ina gwadawa. Na goge na dattawa kaf, lambar ba ta dawo ba. Saura layi ɗaya. Tun jiya nake tashi ina zama, na kasa cire "Allah ya jiƙansa" daga sunan ƙanena.