Ƙafar Tankin da Kawu Bai Ƙarasa Ba

Jama'a a gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga Kawu nan, yayan innata, babban likitan ƙarfe na layinmu, mai ɗaura wa ƙarfe da ƙarfe aure ba shaidu, kuma ba saki. Takardar shaidar karatunsa tana jikin rigarsa, wadda tartsatsi ya huhhuda ta koma kamar rariya.

Shekarunsa a walda sun girme ni. A wata doguwar rumfar kwano yake aiki ƙarƙashin Oga, inda ake ƙera ƙofofi, tagogi, gadaje da duk abin da mai kuɗi ya yi mafarkinsa. Kawu ba ya gaggawa. Sai ya auna, ya ja layi da alli, ya yanka, ya goge baki. Daga nan ya ɗiga wuta nan da can don ƙarfen ya tsaya a saitinsa. Wannan ɗigon riƙon wucin gadi ne kawai, ko yaro ya yi lilo da shi zai ɓalle. Sai ya tabbatar komai ya miƙe sannan ya bi kowace mahaɗa da cikakkiyar walda, ya ƙwanƙwasa da guduma ɓawon ya zube, ya leƙa kamar mai neman ƙwarƙwata. In ya gamsu, ya shata alli a ƙafar aikin. Dokar rumfar ke nan: Mai Fenti ba ya taɓa abin da ba alli.

Wata rana aka kawo aikin ƙarfen ɗora tankin ruwa, dogo mai ƙafa huɗu, na wani gidan wanki da guga. Kawu ya gama ƙafa uku. Ta huɗun, can sama inda gindin tanki zai zauna, ɗigo kawai ya yi mata. Yana goge wani gefe sai ɓurɓushin ƙarfe ya zagaye gilashinsa ya faɗa masa ido. Aka kai shi asibiti, aka cire, aka naɗe idon da auduga, aka ce ya kwanta. Matarsa ta san halin kayanta, sai ta ɓoye masa takalma.

Da ya samu ya kuɓuce ya dawo rumfa, bai tarar da komai a wurin ba sai ɗige-ɗigen shuɗin fenti a ƙasa.

"Ina ƙarfen tankin nan?" ya tambayi Mai Fenti.

"An kai wa masu shi tun jiya, Baba. Ka ga yadda ya yi kyau kuwa? Shafe biyu na yi masa."

"Wa ya ce ka shafa?"

"Alli na gani a ƙafarsa."

"A ina?"

Mai Fenti ya nuna daidai tsayin gwiwarsa. Layin awo ne ya gani, wanda Kawu ya ja tun ranar yanka ya manta bai share ba. Kuma fenti munafuki ne, in ya rufe mahaɗa ba ka bambance ɗigo da walda daga ƙasa.

Wayar Oga a kashe. Direban rumfar, wanda ake kira Ba-Birki, yana kwance a ƙarƙashin motarsa yana hutawa.

"Sun ɗora tankin?"

"Tun jiya, Baba. Da ni aka ja igiya. Yau ma suka ce za su kunna injin ruwa."

"Tashi. Ɗauko janareto da ƙaramin injin walda."

"Baba ko karyawa ban yi ba."

"Ka karya a lahira in abin nan ya faɗo wa mutane."

Suka kama hanya. Lissafi kawai Kawu yake da ido ɗaya. Tanki ba ruwa ai kwali ne, ɗigo zai riƙe shi. Amma in ya cika, nauyinsa ya kai na motar da suke ciki. Kuma ya san mutane, duk inda famfo yake nan suke taruwa, famfon kuwa a gindin ƙarfen yake. Wata babbar mota ta tare hanya tana ta faman juyawa. Ba-Birki, wanda kullum ake roƙo ya rage gudu, yau shi Kawu ke ce wa, "Kai ba ka da ƙafa ne? Taka mana."

Tun daga bakin ƙofa ya jiyo kukan injin ruwa. A tsakar gidan, ƙarfensa ne tsaye, shuɗi shar, tanki a kansa kamar hular sarki. A ƙarƙashinsa ma'aikata uku sun baje robobi suna cuɗa kaya a inuwa, wata ma da jaririnta kwance a kan zane.

"Ku tashi daga nan," in ji Kawu. "'Yata, ɗauki yaron nan. A kashe inji."

Mai gidan wankin ya fito da dutsen guga a hannu. Ya dubi mutum mai ido ɗaya a naɗe da riga kamar rariya.

"Malam, lafiya? In sadaka ce ka dawo anjima."

"Ni na yi ƙarfen nan. Ban gama ba."

"Ba ka gama ba kamar yaya? Ga shi a tsaye har da fenti."

"Kashe injin tukuna, sai ka zage ni a tsanake."

Ba-Birki bai jira izini ba, ya fizge wayar injin. Kawu ya jingina tsani ya hau. Tankin na gurnani a saman kansa, ruwan ya wuce rabi. Ya kankare fentin mahaɗar ƙafa ta huɗun da wuƙa. Ɗigon na nan, amma wata tsaga siririya kamar gashi ta ratsa shi, kuma ƙarfen ya ɗan buɗe baki.

"A buɗe famfo," ya faɗa daga sama. "A zubar duka."

"Ruwan da na kwana biyu ina jira?"

"Hau ka gani da idonka, kai naka biyu ne."

Mai gidan ya hau, ya leƙa, ya sauko. Shi da kansa ya murɗa famfon. Aka tara na tarawa a robobi, sauran ya malale kwata, Kawu na riƙe da tsani yana sauraren ko ƙarfe zai yi ƙara.

Da tanki ya koma kwali, suka ɗaure mahaɗar da sarƙa suka jawo ta ta koma saiti. Sai walda. Ashe ido ɗaya ba ya gane nisa. Sandar waldar ta manne masa, ya fizge, ta sake mannewa, abin da rabonsa da shi tun yana koyo. Gumi na shiga cikin audugar. Ya tsaya, ya ja numfashi, ya dafa gwiwar hannunsa a jikin ƙarfe, ya ja wutar a hankali har ta zagaye. Ya buga guduma, ɓawo ya zube, waldar ta fito lafiyayya. Bai yarda ba sai da ya kankare sauran ƙafafun ma ya duba.

"To a kunna," ya ce. Ma'aikatan suka maƙale a jikin bango. Kawu ya jawo bokiti ya kife a ƙarƙashin tankin, ya zauna a kai. Bai motsa ba sai da ruwa ya cika ya fara tsiyayo masa a ƙeya.

Da yamma na same shi a rumfa yana naɗe wayoyi, bayan Ba-Birki ya gama ba ni labarin har da ƙarin gishiri. Na cire hula na ce, "Kawu, ai kai gwarzo ne. Rai huɗu ka ceto yau. Ya kamata a kira 'yan jarida."

Ko ɗago kai bai yi ba.

"Aiki na bari a rabi, na je na ƙarasa. Ɗaga ƙafarka, ka taka min waya."