Sai Ta Hannun Munkaila

Munkaila ya koyi rubuta manhaja ne a Kano, shekarun da yake zuwa cin rani yana gyaran waya. Da ya dawo Matameye, ƙungiyar manoma ta ba shi ɗaki da na'ura, ya gina musu manhajar da ke aika wa mutanensu saƙon waya don sanar da su ranar rabon iri.

Manhajar sassa-sassa ce, wannan na jingine da wancan, kuma sai an yi wa kowane sashe rajista kafin a miƙa shi ga sashen da ke buƙatarsa. Munkaila da hannu yake yi, ɗaya bayan ɗaya. Wai don tsabtar aiki. Abin da ba ya faɗa shi ne, ko allura ba ta shiga sai ta hannunsa.

Sai aka ɗauki Najaha, 'yar kawunsa, wadda ta yi karatu a Damagaram.

"Yaya, wannan wahalar ta mece ce? A sa wa kowane sashe alama, manhajar ta tattaro su da kanta."

"Ta tattaro har da tarkace? Gidan da ba mai gadi, akuya ma shiga take."

"Ko dai mai gadin ne ke tsoron a gane ba a buƙatarsa?"

Alhaji Sa'adu, shugaban ƙungiyar, ya gaji da su. Ya ce a gwada hanyar Najaha a rabon bana. In ta yi, aikin ya koma hannunta.

Munkaila na da wani sashe na gwaji, mai cewa "an aika" alhali bai aika komai ba. Najaha na bi tana sa alama, ta sa masa shi ma. Munkaila na tsaye bayanta, ya gani sarai. Ya tuna mutanen Yauri da Ɗan Barto na jiran saƙo, ga hadari ya fara haɗuwa. Ya ɗauki buta ya fita alwala.

Ranar rabo, buhuna jibge, ba kowa. Ashe sashen gwajin manhajar ta ɗauka, ko saƙo ɗaya bai fita ba.

Najaha ta tare shi bakin ƙofa, idonta jawur. "Ka gani fa, Yaya."

"Ni? Ai kin ce manhajarki da kanta take gani."

Ta tattara ta koma Damagaram. Munkaila na nan har yau, yana rajista da hannu, ba mai ja da shi. Sai dai kawunsa na cikin waɗanda suka yi shuka a makare a Yauri, kuma tun daga daminar nan bai sake amsa gaisuwarsa ba.