Tambayar da Ba Ta da Uwa

Anti Kebul ake ce mata, kuma ta ci sunan. Shekara tara ta yi tana hawa tsani tana jan wayoyin kwamfuta a cikin silin ɗin ofisoshin mutane. Takan sauko da yanar gizo-gizo a ɗankwali, masu ofis su tambaye ta wai yaushe injiniyan zai iso, alhali ita ce injiniyan. Da gwiwa ta fara yi mata gardama sai ta koma aji, a wata cibiyar koyar da sadarwar kwamfuta da ke saman shagon tayoyi, tana shirya ɗalibai don jarrabawar satifiket. Satifiket ɗin nan shi ne abincinta. Ba a barin kowa ya koyar a cibiyar sai da shi, kuma duk bayan shekara uku sai an sake zama an sabunta shi.

Jarrabawar tana da sharaɗi. Kafin tambayar farko ta fito a allon kwamfuta, sai ka sa hannu a yarjejeniya cewa abin da ka gani a ɗakin ba za ka fitar da shi ba, ba da baki ba, ba a rubuce ba. Wanda aka kama, a ƙwace satifiket ɗinsa, a rufe masa ƙofa gaba ɗaya. Yawancin mutane dannawa kawai suke yi su wuce. Ita kuwa layi-layi take karantawa, har mai sa ido a ɗakin ya fara duba agogo.

Da ta tashi rubuta wa ɗalibanta littafin bita mai tambaya ɗari da hamsin, sai ta kafa wa kanta doka: kowace tambaya sai tana da uwa. Uwar ita ce wata matsala ta gaske da ta taɓa gyarawa da hannunta. Tana da tsofaffin littattafan aiki guda shida masu koren bango, duk sun sha maiƙo, inda ta rubuta kowane aiki da ta je. A gefen kowace tambaya sai ta sa lambar littafi da shafi da fensir. Ta goma sha biyu daga wani asibiti ce, inda ɓera ya ci waya. Ta talatin daga wani otal, inda na'urori biyu suka ɗauki lambar adireshi ɗaya suna ta korar juna. Maigidanta, wanda tela ne, yakan ce ko da ya je neman aurenta ba a binciki asalinsa haka ba.

Wata Laraba da hantsi mai ɗab'i ya bugo waya ya ce gobe da safe inji zai fara juyawa. Ta zauna a ajin da babu kowa, fanka na ƙara, tana bin gefen shafuka da yatsa karo na ƙarshe. Arba'in da biyar, akwai. Arba'in da shida, akwai. Arba'in da bakwai, gefen fari fat.

Ta tuna ranar da ta rubuta ta sarai, wata Asabar ce, kwana huɗu bayan ta sabunta satifiket. Cikin minti goma tambayar ta zubo, har ta yaba wa kanta. Zane ne na na'urori uku a tsaye kamar duwatsun murhu, layin da ya haɗa biyu ya tsinke, adireshin ɗaya kuma ya ƙare da sittin da biyar. To ita fa duk misalanta da goma ko ashirin take ƙare su, ɗalibai har tsokanarta suke yi a kan haka. Daga ina sittin da biyar ta fito? Ta rufe ido, sai ta ga zanen a kan allon jarrabawa, da ɗan agogo a kusurwa yana cin lokaci. Ta gani ne da gaske, ko tsoro ne yake zana mata? Wallahi ba za ta iya rantsewa ba.

Ta zazzage littattafan nan shida a kan tebur, ta bi su shafi-shafi har azahar, zufa na bin bayanta. Babu na'urori uku a ko'ina. In tambayar ta jarrabawa ce kuma ta fita a littafi da sunanta a bango, ɗalibi ɗaya mai surutu ya isa ya kai labarin inda bai kamata ba.

Ban da ita da mai ɗab'i, mutum ɗaya ne yake da kwafin daftarin, ƙanwarta Auta, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta karɓa don ta duba mata kurakuran rubutu. Auta tana da 'ya'ya biyu, tana zaman karɓar baƙi a wani kamfani, an kuma yi mata alkawarin mai da ita sashen na'urori in ta samo irin wannan satifiket ɗin. Sau biyu ta zauna, sau biyu ta faɗi. Zama na uku ranar Litinin ne. Anti Kebul ta kira ta ta kawo kwafin. Auta na shigowa ajin da daftarin a hannu ta ce, "Yaya, lafiya? Kin yi zuru-zuru kamar wadda aka yi wa sata."

"Akwai tambaya ɗaya da zan cire a babi na uku," in ji Anti Kebul.

"Kuskure ne a amsar?"

"A'a."

Kash, da ta sani ta yi shiru. Auta ba yarinya ba ce. Ta dubi littattafan da ke warwatse, ta dubi fuskar yayarta, sai ta ja kujera ta zauna a hankali.

"Yaya, a can kika gan ta?"

"Ban ce ba."

"To wacce ce?"

A nan Anti Kebul ta gane ramin da ta faɗa. In ta faɗi lambar, ta karya yarjejeniya da bakinta. In ta cire ita kaɗai ta yi shiru, Auta za ta ɗora daftari kusa da sabon littafi, gurbin da ya ɓace ya nuna kansa.

"Haba Yaya," in ji Auta. "Ba sai kin yi magana ba. Ki ɗora yatsa kawai, ni ban ji komai ba. Maki tara ne fa ya kayar da ni wancan karon. Tara! Na gaji da cewa mutane sannu da zuwa, ga kujera."

Tausayi ya kama Anti Kebul. Wannan fa ita ta goya ta, ita ta koya mata riƙe fensir. Kuma kar a yi ƙarya, yatsan ya motsa, ya kai har bakin takardar. Sai ta kama daftarin gaba ɗaya, ta ɓalle ƙarfen da ya riƙe shi da farce, ta zare babi na uku cur, tambaya ashirin da biyar, aikin wata biyu, har da waɗanda ta fi so masu uwa da shaida. Ta yayyaga su tare da nata kwafin, ta zuba a jaka.

Auta ta miƙe, idonta ya kaɗa ya yi ja. "Takarda ta fi miki ni ke nan." Ta fita, ƙofa ta bugu har fanka ta girgiza.

Mai ɗab'i ya yi ta masifa a waya, ta bar shi ya gama, ta ce a ba ta mako biyu. Kwana huɗu tana kiran Auta ba a ɗauka. Abinci ma sai maigidan ya tsare ta take taɓawa.

Ranar Litinin, ba wanda ya gayyace ta, ta je ta zauna a bencin da ke barandar cibiyar jarrabawa. Awa biyu tana kallon ƙofa ɗaya, gwiwa na zugi, tana tunanin in maki tara ya sake kayar da Auta, da wane ido za ta kalle ta. Ƙofa ta buɗe. Auta ta fito da takarda a ninke, ta gan ta, ta tsaya cak. Sannan ta miƙo takardar. Ta ci, da rarar maki goma sha ɗaya.

Suka rungume juna a barandar suna kuka, har mai sa ido ya leƙo ya ce a rage murya. A kan matakala, suna saukowa, abin da ya hana Anti Kebul sakat kwana biyar ya taso mata. Yau ga wadda ta ga allon nan da idonta. Ta riƙo hannunta ta rage murya.

"Auta, don Allah, ko kin ga wani zane mai na'urori..."

Auta ta sa tafin hannu ta rufe mata baki.

"Yaya," ta ce, "na sa hannu."